Tace rahotanni a DX Cluster daga Legas

Malam, ka tambayi dalilin da rahotannin DX Cluster, wato dandalin da masu rediyon sha'awa (amateur radio) ke sanar da tashoshin da suka ji, ke cika maka allo amma ba ka jin tasha ko ɗaya a Agege. Rashin tacewa ne. Tashar da ɗan Japan ya ji ba lallai ta iso Legas ba.

In manhajar cluster ɗin DXSpider ce, shiga da alamar kiranka (callsign) mai farawa da 5N ta Najeriya, ka rubuta accept/spots by_zone 14,15,33,35. Rahotannin da aka aiko daga yammaci da tsakiyar Turai da arewa maso yamma da yammacin Afirka kaɗai za su rage. Lambobin na shiyyoyin CQ ne da masu rediyo suka raba duniya, Najeriya tana shiyya ta 35. Umarnin sh/dx on 20m zai nuna rahotannin zangon mita 20, clear/spots all kuma ya goge tacewar.

Wajen aika naka, rubuta dx 14205.0 sannan alamar tashar. Da kilohaz ake sa lambar zangon da ka ji tashar, ba megahaz ba. Don Allah kada ka aika tashar da ba ka ji da kunnenka ba.