Amsa: silin ɗin Fijo 504 da ya zazzago

Salam Malam, ka ce silin ɗin 504 ɗinka ta 1982 ya zazzago kana neman sabo. Gaskiya sabo dal a kwali da wuya, kar ka wahalar da kanka. Ita ledar ba matsala ba ce, mai ɗinkin kushin zai yanka maka in ka kai masa tsohuwar ya auna a kanta, kar ka yar da ita ko ta yage. Abin lura ƙarafunan nan ne da ake zurawa ta cikin ledar su riƙe ta, kowanne da irin lanƙwasarsa, to ka sa musu lamba da alƙalamin maka kafin ka cire, ni tawa yaron gareji ya cakuɗa min su muka kwana biyu silin na tattarewa kamar fatar tsohuwa. In wani ya karye ka leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano wajen masu kayan Fijo, ka tafi da samfur a hannu, kuma ka faɗa musu salun ce ko wagon don tsawon rufin ba ɗaya ba. Sannan sai an cire gilashin gaba da na baya, bakin ledar ƙarƙashin robar yake shiga. Ka shanya ta a rana ta yi laushi tukuna, gam kuma mai jure zafi, zafin Afrilun Kano ba ya ragawa na arha wallahi.