Shin Tsafin Cikin Gida Yana Raba Mutum da Cutar Hapis?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 29, kuma wata takwas ke nan da likita ya auna ni ya ce ina ɗauke da cutar hapis, wato ƙurajen nan masu ruwa da ke fito mini a gaba, su fashe su yi raɗaɗi, su warke, bayan wani lokaci su dawo. Wata ƙawata ta ce jifa aka yi mini, ta koya mini wani aiki da ake yi a gida: a kunna kyandir, a turara ganyaye, a karanta wasu kalmomi a kan ruwa a yi wanka da shi dare bakwai, sannan a daka tafarnuwa a shafa a wurin. Na yi, tafarnuwar ta ƙona ni ƙwarai, amma a kwana na tara ƙurajen suka bushe. Shin na rabu da cutar ke nan? Ina da aure, kuma muna fatan samun haihuwa. (An sakaya sunanta.)

AMSA: Wa'alaikumussalam, 'yar'uwa. Na ji nauyin abin da ke ranki, amma gaskiyar magana ita ce ba ki rabu da cutar ba, kuma ba wankan dare bakwai ne ya busar da ƙurajen ba. Ƙurajen hapis, idan dawowa suka yi, sukan bushe da kansu cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 ko da ba a shafa musu komai ba, saboda haka duk abin da mutum ya yi a tsakanin nan shi yake kwashe yabon da ya kamata garkuwar jiki ta samu.

Ba jifa ba ce. Ƙwayar bairos ce ke haddasa ta, kuma iri biyu ce: ta farko ta fi fitowa a leɓe, ta biyu ta fi fitowa a al'aura, ko da yake kowacce tana iya kama kowane wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ta farkon, mutum miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 kuma suna ɗauke da ta biyun, akasarinsu ba su ma sani ba. Bayan ƙurajen farko sun warke, ƙwayar takan bi jijiya ta je ta lafe a wani dunƙulen jijiyoyi da ke kusa da ƙarshen ƙashin baya, inda hayaƙi ko ruwan wanka ko jiƙon da aka sha don "wanke jini" ba sa kaiwa, domin tun asali ba a cikin jini take zaune ba. Zazzaɓi, rashin barci, damuwa mai tsanani ko jinin al'ada sukan tashe ta, sai ta biyo jijiyar nan ta sake fitowa a fata, shi ya sa mutane da yawa sukan ji ƙaiƙayi ko tsikari a wurin kwana ɗaya kafin su ga komai.

Hukuncin irin wannan aiki a addini zance ne na malamai. Ta fuskar lafiya kuwa, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tafarnuwar, domin ɗanyenta yana ƙona fata kamar yadda kika ɗanɗana, fatar da ta ƙone kuma ƙofa ce ga wasu ƙwayoyin cuta. Haka ma ruwan lemun tsami, man goge haƙori da ruwan wanke tufa. Kada ɗaya ya kusanci wurin.

Akwai dabarun gida masu sauƙaƙa wahala, kuma ba na raina su. Ki zauna cikin ruwa mai ɗumi da aka zuba wa gishiri kaɗan, ki dafa wurin da tsabtataccen ƙyalle ya bushe ba tare da gogewa ba, ki sa tufafin ciki na auduga marasa matsewa, idan fitsari yana yi miki zafi ki riƙa zuba ruwa a wurin yayin da kike yi, sannan ki wanke hannu kafin ki taɓa ido. Ko zuma an gwada ta: a 2019 an wallafa wani bincike daga ƙasar Niyuzilan da ya haɗa mutum 952 masu ƙurajen leɓe, aka ga zumar furen kanuka (wata bishiya ce ta ƙasar) da aka tace don magani ta yi kusan kai ɗaya da man shafawa na asibiti. Sai dai a leɓe aka yi gwajin, kuma ba a nuna ta hana dawowar ƙurajen ba.

Abin da aka tabbatar yana rage tsanani da yawan dawowarsu shi ne ƙwayoyin sha irin su asikilobir, wanda ake sayarwa da sunan Zovirax, da balasikilobir, wato Valtrex. Sun fi amfani idan aka fara su da zarar an ji tsikarin nan, kuma wadda ƙurajen ke yawan dawo mata likita yana iya ɗora ta a kan shan su kullum, wanda hakan yana rage yiwuwar kamuwar miji da kusan rabi. Ki sanar da maigidanki a natse, ku ƙaurace wa juna duk lokacin da ƙuraje suka fito, ku kuma tuna cewa ƙwayar tana iya yaɗuwa ko fata tana lafiya ƙalau. Cutar takan yi shekaru a ɓoye, don haka bayyanarta yanzu ba hujja ba ce ta cin amana daga ɗayanku.

Game da haihuwa, hapis ba ya hana ɗaukar ciki, kuma mafi yawan mata masu shi suna haifar 'ya'ya lafiyayyu. Idan Allah ya ba ki rabo, ki faɗa wa likita tun awon farko, domin akan fara bayar da asikilobir daga mako na 36, idan kuma naƙuda ta zo alhali akwai ƙuraje sai a yi tiyata a ciro jaririn, tun da cutar tana iya taɓa ƙwaƙwalwar sabon haihuwa.