Wanda yaƙi ya raba da gonarsa da dabbobinsa, zai iya cin zakka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, yaƙi ya tashi ƙauyuka a wani yanki na ƙasarmu, mutanen sun taru a sansanin 'yan gudun hijira. Ina so in kai musu zakkar dukiyata, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Da yawansu masu gonaki ne da garke kafin a kore su, wasu ma sun fi ni hali. Sansanin yana da nisa, alhali inda nake ma akwai matalauta. A cikin mutanen sansanin akwai waɗanda ba Musulmi ba, kuma ƙungiyar da ke rabo ba ta warewa. Sannan saura wata uku shekarar zakkata ta cika. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, mu fara da abin da ya fi damunka. Shari'a tana duba abin da hannun mutum zai iya kaiwa gare shi a yau. Gonar da ke tsakiyar fagen daga da shanun da aka kora daji, sunansu dukiya a baki, amma ba za su ciyar da yaro yau da dare ba. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Hashri, aya ta 8: "Domin matalauta masu hijira, waɗanda aka fitar daga gidajensu da dukiyoyinsu." Ka lura, a aya ɗaya ya kira su matalauta kuma ya jingina musu gidaje da dukiya. Sahabban nan suna da gidaje a Makka, amma da aka shiga tsakaninsu da su, sai hukuncin talauci ya hau kansu. Gaskiya ne ayar tana magana a kan rabon fai'i ne, wato dukiyar da aka samu daga abokan gaba ba tare da gwabzawa ba, sai dai abin da muke kafa hujja da shi shi ne sunan da Allah ya kira su da shi.

Saboda haka wanda aka kora yana shiga cikin mutum takwas ɗin da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, ta ƙofa biyu. Idan dukiyar ta salwanta, ko babu ranar komawa gare ta, to fakiri ne ko miskini, a ba shi abin da zai riƙe shi da iyalinsa. Idan dukiyar tana nan amma hanya ta yanke, to ya shiga ma'anar ibnus sabil, matafiyin da guzurinsa ya ƙare ko da mawadaci ne a garinsu. Malikiyya sun sa sharaɗin cewa mawadacin matafiyi ya zama bai samu mai ba shi rance ba. To wa zai ranta wa mutumin da bai san ranar da zai sake ganin gonarsa ba? Wanda kawai za a cire shi ne wanda ya fito da wadatarsa, ko yake da kuɗi a banki da zai iya cira, ko albashinsa bai tsaya ba kuma yana isarsa.

Ka kuma sani, irin waɗannan da suka saba bayarwa su ne suka fi jin nauyin miƙa hannu. Sau da yawa ba za ka gan su a gaban layi ba. Su ne Alƙur'ani ya ce wanda bai sani ba yana zatonsu mawadata saboda kamun kai. A neme su, a kai musu cikin sutura.

Batun nisa kuwa, asali shi ne a raba zakka inda ta wajaba, saboda hadisin Mu'azu da ke Bukhari da Muslim: ana karɓa daga mawadatansu, a mayar wa matalautansu. Amma Malikiyya da kansu sun ce idan mutanen nesa, waɗanda suka wuce tazarar ƙasaru, kimanin kilomita 80, sun fi tsananin buƙata, to mafi yawanta can za a kai, a bar wani kaso a gida. Ka yi haka. A shekara ta 18 bayan hijira, da fari ya koro mutanen ƙauye zuwa Madina, Sayyidina Umar ya rubuta wa gwamnoninsa, abinci ya zo daga Sham.

Gaggauta zakka kafin shekara ta cika ya halatta a wurin Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanabila, matuƙar nisabi ya cika, domin Annabi (SAW) ya yi wa baffansa Abbas rangwame a kan haka, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Malikiyya sun taƙaita shi ga kamar wata ɗaya. A halin da ka siffanta, ina ganin ka bi maganar jumhuru, wato mafi yawan malamai, yunwa ba ta jiran wata uku. Idan shekarar ta cika ka sake lissafi, in dukiyar ta ƙaru ka cika ragowar.

Sai waɗanda ba Musulmi ba. Zakkar farilla, a wurin jumhurun malamai, ba a ba su ita da sunan talauci. Amma kada kowa ya ɗauki wannan ya mayar da shi dalilin tsallake bukkar maƙwabci. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta ba da damar kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, kuma Suratul Insan ta yabi masu ciyar da fursunan yaƙi, alhali fursunonin lokacin mushirikai ne. Ceton ran da yunwa ko ƙishirwa za ta halaka farali ne na kifaya, ba a tambayar addininsa. Hanya mai sauƙi ita ce ka raba kuɗinka gida biyu: sadakar nafila ta shiga asusun kowa da kowa, zakka kuma ka ba wanda zai isar da ita ga Musulmin da suka cancanta. Idan ƙungiyar tana da asusun zakka na daban wanda amintattu ke lura da shi, ya isar maka. Idan tana cakuɗa komai, ka ba ta sadaka, ka nemi wani amintacce domin zakkar.

Ƙungiya wakiliyarka ce, don haka ka tambaye ta kai tsaye nawa take cirewa na albashi da mota. Mafi kuɓuta shi ne ka biya kuɗin ɗawainiya daga aljihunka, zakkar ta isa cikakkiya. Haƙa rijiya da gina bayi da ɗakin shan magani a sansani aikin lada ne babba, amma jumhuru ba su ga a yi su da kuɗin zakka ba, tunda ba a mallaka wa mabuƙaci komai a hannu ba. Wannan wurin wakafi ne da sadaka mai gudana.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan yi shiru a kai ba. Ma'aikacin da ya karkatar da buhu ɗaya daga kayan agaji ya kai kasuwa, ya ci amana, kuma Annabi (SAW) ya faɗa a ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku wannan kuwa kyauta aka ba ni, cewa duk wanda ya ɗauki wani abu zai zo ranar ƙiyama yana ɗauke da shi a wuyansa. Haka nan tsayar da dattijo a rana ya riƙe buhu domin a ɗauki hotonsa a watsa, yana kusa da gori da cutarwar da aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta ce suna ɓata sadaka. In dole ne a nuna wa masu bayarwa shaida, a ɗauki hoton kaya da takardun rabo, a bar fuskokin mutane.

Allah ne mafi sani.