Amsa Ga Yayana Game Da Kiɗan Da Ya Ji A Bikinmu Na Shikago

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na ga tambayar da ka aiko bayan ka kalli bidiyon bikin auren da muka yi a nan Shikago, inda ka ce ka ji an ajiye waƙoƙin Hausa an koma kiɗan Turawa har dattawa sun miƙe suna rausaya, kana son ka san ko al'adarmu ce ta koma haka a ƙasar waje. Abin da zan fara gyarawa shi ne, wannan kiɗa ba na Turawa ba ne. Sunansa rhythm and blues, ana taƙaita shi da R&B, kuma baƙaƙen fatan Amurka ne suka ƙirƙire shi, wato jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Dattawan da ka gani maƙwabtanmu ne daga cikinsu, kuma ba za ka gane dalilin da ya sa muke ba kiɗansu wuri ba sai ka ji inda ya samo asali.

Bauta ta daɗe a Amurka, ba a haramta ta gaba ɗaya ba sai a 1865. A yankuna da dama iyayen giji sun hana bayi kaɗa ganga saboda tsoron kada su kira juna da ita zuwa tawaye, kamar yadda aka yi a Karolina ta Kudu, inda bayan boren bayi na 1739 aka kafa doka a 1740 wadda ta haramta musu ganga da ƙaho. Abin da ya rage musu shi ne murya da tafi da buga ƙafa da kuma kayan kiɗa masu tsirkiya. A gonakin auduga mutum ɗaya ne yake bayar da waƙa sauran su amsa, fartanya na sauka daidai da amshin, kamar dai yadda ake yi a gayya. Da bauta ta ƙare, yawancinsu ba su samu ko taki ɗaya na ƙasa ba, sai suka ci gaba da noma gonakin masu ƙasa a kan za a raba amfani, amma a ƙarshen shekara idan an yi lissafin iri da abincin da aka ba su bashi, sai a ce su ake bi. A cikin wannan hali, musamman a ƙasar auduga ta jihar Misisipi, aka haifi waƙar blues wajen ƙarshen ƙarni na 19. Tsarinta mai sauƙi ne: mawaƙi ya faɗi ɗango ɗaya na kukansa, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya rufe maganar, jita kuma tana amsa masa a tsakanin ɗangogin a madadin 'yan amshi.

Kamfanonin faifai ba su ɗauka akwai kuɗi a nan ba sai a 1920, lokacin da faifan wata mawaƙiya mai suna Mamie Smith ya yi kasuwar da ba a zata ba. Daga nan suka buɗe rukuni na musamman don faifan baƙaƙe, aka ware shi daga na farare, kamar yadda aka ware makarantu da kujerun mota a kudancin ƙasar.

Abin da ya mayar da blues ya zama R&B shi ne ƙaura. Daga wajen 1910 zuwa 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan shida ne suka baro kudu zuwa biranen arewa da yamma, suna gudun wariya da kisan gilla, suna neman aikin albashi. Waɗanda suka taso daga Misisipi jirgin ƙasa ya sauke da yawansu a nan Shikago, suka shiga aikin mayanka da masana'antun ƙarfe, aka cunkushe su a kudancin birni domin ba a ba su hayar gida a sauran unguwanni. Muddy Waters, wanda yake tuƙa motar noma a wata gona kusa da garin Clarksdale, ya iso nan a 1943, kuma bai daɗe ba ya gane cewa jitar da ake ji sarai a ƙofar bukka ba ta ratsa hayaniyar ɗaki cike da ma'aikata a daren Asabar. Sai ya koma jita mai lantarki, aka ƙara ganguna da fiyano. A shekarun ne kuma manyan ƙungiyoyin kiɗa masu mutum goma sha biyar ko fiye suka yi tsadar riƙewa, sai irin su Louis Jordan suka nuna cewa mutum shida ko bakwai, da ƙahon saksofon a gaba da kiɗa mai sa rawa, sun isa su cika zaure. Haɗuwar waɗannan biyu, kukan kudu da bugun birni, ita ce mujallar Billboard ta raɗa wa suna rhythm and blues a 1949, kuma ana jingina sunan ga wani ma'aikacinta, Jerry Wexler.

Manyan kamfanoni ba su damu da shi ba, ƙanana ne suka ɗauke shi, kuma abin lura shi ne da yawan masu su baƙi ne a ƙasar. Kamfanin Chess na nan Shikago wasu 'yan'uwa biyu Yahudawa da aka haifa a Foland ne suka riƙe shi, kuma ginin da suka yi aiki a ciki a titin Michigan yana nan har yau. Kamfanin Atlantic kuwa, wanda aka kafa a New York a 1947, ɗaya daga cikin masu shi Ahmet Ertegun ne, ɗan jakadan Turkiyya. Sun fito da kiɗan duniya ta ji, amma ba zan ɓoye maka ba, mawaƙan ne suka fi kowa cin wuya a wannan kasuwa. Big Mama Thornton ta fitar da wata waƙa a 1953 wadda ta yi makonni tana kan gaba a jerin faifan baƙaƙe, ta kuma ce dala 500 kaɗai ta taɓa karɓa a kanta, sannan Elvis Presley, mawaƙi farar fata, ya rera ta a 1956 aka sayar da miliyoyi. Ruth Brown, wadda faifanta suka ɗaga Atlantic a farkon zamaninsa, sai da ta yi aikin wanke-wanke da tuƙin motar makaranta kafin daga baya ta tashi neman haƙƙinta a shekarun 1980. Saboda haka idan ka kira shi kiɗan Turawa a gaban wani dattijo a nan, tsohon miki ka fama masa.

Akwai kuma wani ɓangare da na tabbata zai ja hankalinka, domin irin damuwarka su ma sun yi ta a tsakaninsu. Yawancin waɗannan mawaƙa a coci suka koyi waƙa, kuma masu riƙo da addini a cikinsu suna kiran blues kiɗan Shaiɗan. Lokacin da Ray Charles ya ɗauki karin waƙar coci a 1954 ya ɗora masa kalmomin soyayya, limamansu sun yi tir da shi ƙwarai. Sam Cooke, ɗan limamin coci ne da ya tashi a nan Shikago, kuma da zai fitar da faifansa na farko na waƙar duniya a 1957 sai da ya sauya suna don kada masu sauraronsa na coci su gane shi, amma muryarsa ta tona shi. Daga wannan haɗi ne salon soul ya fito, kamfanin Motown ya tashi a Detroit a 1959, kuma kiɗan ya dawo har gida, tunda James Brown ya yi wasa a Legas a 1970.

Ka tambaya ko da gaske ne kiɗan daga wurinmu ya fito, kamar yadda wasu suke yaɗawa. A nan ina taka-tsantsan. Gaskiya ne akwai Musulmi cikin bayin da aka kawo, har da masu ilimi irin su Umar ibn Sa'id wanda ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831. Gaskiya ne kuma banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya na Amurka, asalinsa ƙwarya ce da fata da tsirkiya daga Afirka ta Yamma, kuma wani masani ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, ya nuna cewa jan murya da lanƙwasa ta a tsohon blues sun fi kama da waƙoƙin yankin Sudan ta Yamma, wato ƙasashen Afirka ta Yamma da ke kudu da Sahara nesa da teku, har da na masu goge, fiye da kiɗan gangunan bakin teku. Amma Hausawan da cinikin bayi ya rutsa da su an fi sanin tarihinsu a Bahiya ta ƙasar Brazil, ba a Amurka ba. Ni a ganina kamar tana nan, kunne yana jin ta, sai dai bai dace mu da muka zo jiya a jirgin sama mu ce namu ne abin da wasu suka gina da hawayensu ba, kuma nakan hana yaranmu faɗin haka.

Yanzu ga yadda muke yi. Ɗaurin aure a masallaci ake yin sa, walima kuma ba a sa kiɗa. Sai a liyafar dare, a zauren da aka kama haya, ake sa waƙoƙin gida, tsofaffi su nemi Shata, matasa su nemi na zamani, sannan a ware ɗan lokaci a sa tsofaffin waƙoƙin R&B saboda baƙin da aka gayyata. Ba a bar wa mai sa kiɗa zaɓi, domin iyaye mata ne suke zama da ɗaya daga cikin 'ya'yan da Turancinsu ya nuna, a bi jerin waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, a saurari kalmomin, duk wadda aka ji batsa a cikinta a soke ta. Da yawan abin da ake kira R&B a yau ba ya tsallake wannan tacewa, kuma giya ba ta shiga zauren. Akwai gidajen da ba sa yarda da kiɗa kowane iri ne, kuma ba wanda yake ƙin zuwa bikinsu saboda haka.

Dalilin da ya sa mafi yawanmu muke ware wannan lokaci shi ne haƙƙin maƙwabtaka. Gwagwarmayar waɗannan mutane ce ta kawo dokar 'yancin jama'a ta 1964, kuma a cikin wannan guguwa aka sauya dokar shige da fice a 1965, wadda ta buɗe wa irinmu ƙofa. Da yawanmu a masallatansu muka fara samun sahu, musamman na mabiyan Imam Warith Deen Mohammed, wanda daga 1975 ya karkatar da dubban mutane zuwa Sunna daga nan Shikago. Su ne suka nuna mana unguwar da za mu zauna lafiya da yadda ake magana da hukumar makaranta. 'Ya'yanmu kuma tare da jikokinsu suke tashi, kuma ɗan sanda ko mai ba da haya ba ya tambayar yaro ko kakansa daga Katsina yake ko daga Misisipi.

Wannan bai sa bakinmu ya zo ɗaya ba. A taron jama'armu har yanzu akwai masu cewa idan an buɗe ƙofa ga tsohuwar waƙa, sabuwa za ta biyo ta, kuma ban ce ba su da hujja ba, domin abin da yaro yake ji a wayarsa shi kaɗai ba uwar da ta tace shi. Matsayar da muke kai a yanzu ita ce mai biki shi yake yanke hukunci a bikinsa, amma ya sanar tun a katin gayyata ko za a sa kiɗa, domin wanda ba ya so ya halarci ɗaurin aure da walima ya koma gida ba tare da an ga laifinsa ba.