Tambaya da Amsa: Shirye-shiryen da ke Kwance Waƙa a Gaban Mai Kallo

A wannan fitowa mun haɗa wasiƙu huɗu da suka zo mana daga Katsina da Daura, domin dukkansu sun faɗo ne a kan batu guda, wato shirye-shiryen talabijin da ke ba da labarin yadda aka naɗi fitattun faya-fayan kiɗan rok na Turawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wani dare a gidan ƙanena na kalli wani shiri ta tauraron ɗan'adam, inda wani Bature mai furfura ya zauna gaban wani faffaɗan allo mai maɓallai barkatai yana sa wata tsohuwar waƙa. Idan ya ja maɓalli ɗaya sai muryar mawaƙin ta ɓace, ganga kaɗai ta rage, idan ya tura wani sai jita ta dawo. Shin dabarar kwamfuta ce ta zamani, ko kuwa tun asali haka aka ɗauki waƙar? Daga wani malamin firamare, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa yadda ka siffanta shi, abin da ka gani ya yi kama da jerin shirye-shiryen nan na Birtaniya da ake kira Classic Albums, wanda aka fara nunawa a 1997, inda kowane shiri ke ɗaukar faifai guda ya bi diddiginsa waƙa bayan waƙa, tare da mawaƙan da suka rage a raye da injiniyoyin da suka yi aikin. Tun asali haka aka ɗauki waƙoƙin, kuma kwamfuta ba ta da hannu a ciki, domin yawancinsu an naɗe su ne kafin ta shiga ɗakin ɗaukar sauti.

Sirrin yana jikin tef ɗin da aka yi amfani da shi. Wanda manyan situdiyo ke sawa a shekarun 1970 faɗinsa inci biyu ne, kuma na'urar tana raba wannan faɗi gida 16 ko 24, kamar yadda manomi ke jan kunyoyi a gona, kowace kunya da abin da aka shuka mata. Ganga tana da layukanta, jita tana da nata, muryar mai bayarwa da ta masu amshi kowace da nata, kuma ba lallai ne a ɗauke su rana ɗaya ba. Sai an gama duka ne injiniya zai zauna gaban wancan allo da ka gani, ya ɗaga wannan ya sauke wancan, har ya fitar da haɗin da za a buga a faifai a kai kasuwa. Uwar tef ɗin kuwa tana komawa ma'ajiyar kamfani da layukanta a rarrabe, shi ya sa bayan shekara talatin za a iya ɗauko ta a kaɗe ƙura, a saurari kowane layi shi kaɗai.

Kafin wannan zamani aikin ya fi wuya. Lokacin da 'yan ƙungiyar Beatles suka naɗi faifan Sgt. Pepper a situdiyon EMI da ke titin Abbey a Landan, wanda ya fito a 1967, layi huɗu kawai na'urarsu ke da shi. Idan huɗun suka cika, sai furodusansu George Martin da injiniya Geoff Emerick su juye su zuwa layi ɗaya a wata na'ura ta biyu, domin a sami sarari a ci gaba. Abin da aka juye wuri guda ya zama kamar furar da aka riga aka dama da nono, ba mai iya ware ta a wancan lokaci, don haka dole su yanke shawara tun da wuri kuma su zauna da ita. Shirin da aka yi a 1992 kan wannan faifai, inda Martin ya zauna gaban allo yana jan maɓallai, shi ne ya share fagen jerin da ya biyo baya.

Wanda ni dai ya fi burge ni shi ne na faifan The Dark Side of the Moon na ƙungiyar Pink Floyd, wanda ya fito a 1973. A farkon waƙar da suka sa wa suna Money ana jin ƙarar sulalla da ta akwatin kuɗi na kanti suna tafiya a jere kamar kiɗa. Da hannu aka yi wannan: an ɗauki kowace ƙara daban, aka yanka tef ɗin gunduwa bakwai masu tsayi ɗaya, aka liƙe su baki da baki suka zama zobe, zoben kuma ya yi tsawon da sai da aka zagaya da shi jikin sandar makirufo kafin ya iya juyawa cikin na'ura. Gunduwa bakwai ɗin nan su ne suka dace da bugun waƙar, wanda yake tafiya bakwai-bakwai maimakon huɗu-huɗu da aka saba ji a kiɗan rok.

TAMBAYA: Ina karantar aikin jarida, kuma malaminmu ya ce irin waɗannan shirye-shirye talla ce da aka sa wa rigar tarihi. Yaya kake gani? Daga wata ɗaliba, Rafindadi, Katsina.

AMSA: Malama, malaminku yana da hujja, ko da yake ni ba zan kai maganar can ba. Uwar tef mallakar kamfani ce ko ta mawaƙan, kuma mai shiri ba ya samun ta sai da yardarsu, ga shi kuma ana sayar da shirin ne ga masu ƙaunar faifan. Wanda aka ara wa riga da wuya ya kushe ɗinkinta a gaban mai ita. Saboda haka abin da za ki lura da shi shi ne wanda aka ba dama ya yi magana, da abin da aka wuce da sauri.

Ga misali daga faifan Pink Floyd ɗin da na ambata. Akwai waƙar da ba a rera baiti ko ɗaya a cikinta ba, sai muryar wata mata mai suna Clare Torry tana hawa tana sauka a kan fiyano, kuma mutane da yawa suna ganin nan ne ƙololuwar faifan. Fam 30 aka biya ta ladan aikin wannan rana a 1973, kuma ba a sa sunanta cikin waɗanda suka ƙirƙiri waƙar ba. Shirin talabijin ɗin ya fito a 2003, ita kuma ta shigar da ƙara a 2004, aka sasanta a 2005, daga nan aka fara buga sunanta tare da na Richard Wright, makaɗin fiyanon ƙungiyar. Wanda ya tsaya ga shirin kaɗai ba zai san da wannan ba.

Amma akwai inda tef ɗin da kansa yake tona abin da ba a cika faɗa ba. A shirin da aka yi kan faifan Catch a Fire na Bob Marley da Wailers, shi ma na 1973, an nuna yadda aka naɗi waƙoƙin a Kingston ta ƙasar Jamaika, sannan aka kai tef ɗin Landan, inda mai kamfanin Island, Chris Blackwell, ya sa wani Ba'amurke ɗan jihar Alabama mai suna Wayne Perkins ya ɗora jita irin ta rok a kai, domin kunnen Turawa ya karɓa. Idan aka ja maɓallin wannan jita a gabanki, sai ki ji waƙar yadda ta baro Jamaika, ki yanke wa kanki hukunci ko gyara aka yi ko sauya mata kama. Wannan hujja ce da kunne ke ji, kuma samunta a takarda ba shi yiwuwa.

Sannan ki duba batun zaman haɗa waƙoƙi da Beatles suka yi a gaban kyamara a watan Janairun 1969. Daga hotunan da aka ɗauka a wannan wata aka fitar da fim a 1970, wanda ya bar wa jama'a tunanin cewa zaman na rigima ne da ɗaure fuska. A 2021 mai shirya fina-finai Peter Jackson ya koma kan hotunan nan, kimanin awa 60 na hoto da fiye da awa 150 na sauti, ya fitar da shiri mai kashi uku da ya kusa awa takwas, inda aka ga raha da wasa sun fi yawa, duk da cewa ficewar ɗan ƙungiyar George Harrison ta 'yan kwanaki tana nan a ciki. Kaya ɗaya ne, masu tacewa biyu, labari ya fito biyu, kuma ina ganin wannan ya isa darasin aji guda a sashenku.

TAMBAYA: Gaskiya ne an taɓa naɗar wani daga cikin irin waɗannan faya-fayai a Nijeriya? Daga wani mai gyaran rediyo, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Paul McCartney, bayan watsewar Beatles, ya zo Legas a 1973 tare da matarsa Linda da makaɗin jita Denny Laine, suka naɗi mafi yawan faifan Band on the Run a situdiyon EMI da ke Apapa, a kan na'ura mai layi takwas. Mutum biyu sun fice daga sabuwar ƙungiyarsa ta Wings dab da tafiya, don haka McCartney da kansa ya buga ganga. 'Yan fashi sun tare shi da wuƙa suka ƙwace kaset ɗin da ya ajiye samfurin waƙoƙin, Fela Kuti kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, har sai da McCartney ya sa masa abin da suka naɗa ya ji da kunnensa. Haka kuma a faifan Graceland na Paul Simon na 1986, wanda shi ma an yi masa shiri a wannan jeri, akwai hannun ɗan Nijeriya Demola Adepoju, makaɗin jita na ƙungiyar King Sunny Ade.

TAMBAYA: Jikana ne ya nuna mini irin wannan shiri a waya, sai na ce a raina, me ya hana a yi wa Alhaji Mamman Shata irinsa, alhali ga kabarinsa nan garinmu? Daga wani dattijo, Daura.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan tambaya ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma amsarta tana komawa ga abin da na faɗa wa Malam na Ƙofar Marusa. Shirin Turawan nan ya dogara ne ga uwar tef mai layuka a rarrabe, Shata kuwa, Allah ya jiƙansa, shi da makaɗan kalangunsa da 'yan amshinsa a tare ake ɗaukarsu, a zama ɗaya, sau da yawa ma a filin biki ko a ɗakin gidan rediyo. Sautin ya riga ya haɗu a iska kafin ya isa makirufo, don haka babu maɓallin da za a ja a bar kalangu shi kaɗai. Haka abin yake ga Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge ta Funtuwa.

Akwai kuma bambanci na biyu da ya fi wannan zurfi. A wurin Pink Floyd faifan shi ne aikin, an yi watanni ana gina shi, kuma da ya fito ya daskare a haka. Shata an san shi da ƙirƙira nan take, waƙa ɗaya takan fito da sabbin ɗiya gwargwadon wurin da ya tsaya da mutanen da ya gani a gabansa. Bakandamiyar da wani ya ji a Funtuwa ba lallai ta zama baiti da baiti irin wadda wani ya ji a Kano ba. Wanda zai yi masa shiri, a ganina, sai ya tattaro naɗe-naɗe daban-daban na waƙa guda ya jera su, ya nuna inda aka ƙara da inda aka rage da kuma dalili, sannan ya zaunar da tsohon makaɗin kalangu gaban kyamara ya matse igiyoyin a hammata ya sassauta, ya faɗa mana da baki abin da gangar ke cewa. Abin da Turawa suka ajiye a tef, mu a ƙirjin mutane yake, kuma tun rasuwar Shata a 1999 waɗanda suka yi yawo da shi raguwa suke yi.

Fasaha tana iya taimakawa ta wani gefe. Ma'aikatan Peter Jackson sun koya wa kwamfuta ta ware murya daga kiɗa a tsohon sautin da aka ɗauka a layi ɗaya, kuma irin wannan manhaja yanzu ta yaɗu. Sai dai tana buƙatar sauti mai tsabta daga tef na asali ko faifan garmaho mai lafiya, domin wanda aka juya daga kaset zuwa kaset, aka matse shi ya shiga waya, ya riga ya zubar da rabin abin da ake nema. Tef kuma ba ya shiri da zafi da ƙura da laima, abubuwa ukun da ba mu rasa su a shekara.

Mawaƙanmu na yanzu su ne suke da damar da Shata bai samu ba, tunda a kwamfuta ake yi musu aiki layi-layi. Kwanakin baya na shiga wani ƙaramin situdiyo a cikin Katsina, ɗaki ɗaya da aka liƙa wa katifun soso a bango, wani matashi ya buɗe mini waƙar da yake haɗawa, layuka jere a fuskar kwamfuta kowane da launinsa. Ya kashe fiyano ya bar mini muryar mai amshi ita kaɗai, har ana jin inda take jan numfashi kafin ta shiga, daidai abin da jikanka ya nuna maka a waya. Sai na tambaye shi wata waƙar biki da ya yi shekara uku da suka wuce, wadda har yanzu ake sawa a gidajen suna, na ce ya buɗe mini ita haka. Ya yi dariya ya ce ai kwamfutar ta cika tun bara, ya goge tsofaffin ayyuka duka don ya sami wurin sababbi, kuma mai waƙar bai taɓa neman layukan ba. Abin da ya rage masa shi ne haɗaɗɗiyar, irin wadda ke cikin wayar kowa.