Tambaya da Amsa: Makilin ya gagare ni, asuwaki kaɗai zai ishi gidana?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon kusan duk saƙonnin da suka shigo akan baki da haƙori ne, toh sai na haɗa su waje ɗaya. Kamar yadda muka saba bana saka sunan kowa, garin mutum kawai.

TAMBAYA: Salamu alaikum malam likita. Ni manomi ne a wani ƙauye ƙasar Jahun, matana biyu yara goma sha ɗaya. Wallahi makilin ya gagare ni, in na siyo babba ranar kasuwa kafin wata kasuwar ta zagayo ya ƙare, don ƙananan har tsotsarsa suke kamar alewa. Nace kowa ya koma asuwaki tunda ga darbejiya nan a ƙofar gida, sai babban ɗana da yake sakandire yace wai ƙauyanci ne, asuwaki baya kashe ƙwayar cuta. Ni kuma na haura hamsin da shi nake wanke baki, ba'a taɓa cire min haƙori ba. Dan Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara buɗi ya raya zuri'a. A gaida min yaron, yayi kyau da yake tambaya, amma a nan kai ke da gaskiya, sai dai shima akwai ɗan abinda ya hango, zan zo kansa.

In ka tashi da safe ka kankari gindin haƙorinka da farce zaka ga wani farin abu mai laushi ya fito. Toh wannan shine tushen duk matsalar, ƙwayoyin cuta ne suka taru suka manne. In ka sha shayi mai sukari ko ka sha rake suma sun samu abinci, sai su fitar da wani tsami da yake cin ɓawon haƙori a hankali har ya huda shi, kuma su ne suke sa dasashi ya kumbura yana jini. Abinda yake cire su gogawa ce, ba kumfa ba, ba ƙamshi ba. Ko da buroshi ka goge ko da asuwaki, in dai bakin abin ya taɓa kowane lungu ka gama aiki. An gwada wannan a Saudiyya da Sudan, an haɗa masu buroshi da masu asuwaki, aka ga wanda ya iya riƙe asuwakinsa bai gaza mai buroshi ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta daɗe da amincewa da shi. Batun baya kashe ƙwayar cuta kuwa, asuwakin da alhazai suke kawo mana tsaraba, saiwar itacen da Larabawa suke kira arak, wannan ɗan yajin da kake ji a harshe in sabo ne wani sinadari ne da aka tabbatar yana kashe ƙwayoyin cutar dasashi. Darbejiyarka ma, wadda asalinta daga Indiya take kuma can ma da ita suke goge baki, ɗacin nan nata ba na banza bane. Ga marke, ga kirya, ga reshen goba da na lemun tsami, duk iyayenmu sun yi da su.

Balle mu da abin ya zame mana ibada. Manzon Allah (SAW) yace ba don kar ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin asuwaki a kowace sallah, Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. Nana Aisha (RA) tace in ya shigo gida da asuwaki yake farawa, kuma a jinyarsa ta ƙarshe ita ta karɓi asuwakin ɗan'uwanta Abdurrahman ta tauna ta tausasa masa. Ka gaya wa yaron wannan cikin lalama, kar ya ƙara kiransa ƙauyanci.

Amma fa Baba inda nake so mu tsaya sosai shine yadda ake yi, don anan mutanenmu suke faɗuwa. Akwai wani dattijo da ya zo wajenmu kwanaki, asuwaki baya barin bakinsa, a majalisa da shi, a kan keke da shi, in yayi murmushi haƙoran gaba fari tas kamar na saurayi. Da nace ya buɗe baki na haska da tocila sai naga na gaban sunyi tsawo, dasashin ya janye sama har saiwa ta fito, kuma a gindin kowanne akwai ɗan kwari kamar an zuga da zarto, shi yasa ko ruwan randa ya sha sai ya runtse ido. Turamen baya kuwa ta wajen harshe datti ya daskare ya zama dutse, ɗaya har yana girgiɗi. Shekara da shekaru haƙora shida yake dirza da ƙarfi hagu da dama, alhali babban mutum 32 gare shi. Wallahi tausayi ya bani, don a zuciyarsa yafi kowa tsaftar baki, kuma da gaske yayi ƙoƙarin, babu dai wanda ya taɓa nuna masa.

Toh ga yadda ya kamata. A samu ɗanyen reshe mai kaurin ƙaramin yatsa, tsawon kamar taƙi ɗaya, a wanke shi, a ɓare ɓawon kamar rabin gaɓar yatsa sannan a tauna har ya baje yayi laushi, in busasshe ne a jiƙa shi a ruwa mai tsafta tukunna, kar a kai shi dasashi yana da tsini. A riƙe shi kamar biro, a ɗora a inda haƙori ya haɗu da dasashi a share zuwa bakin haƙorin, na sama a yi ƙasa na ƙasa a yi sama, a hankali ba dirza ba, haƙori ɗaya bayan ɗaya. In an gama waje a juyo ciki, wajen harshe da wajen ganɗa, nan ne asuwaki yake da wahalar shiga don gashinsa a miƙe yake ba a gefe ba kamar na buroshi, sai mutum ya buɗe baki sosai ya karkata hannu. Sannan saman turame inda ake tauna, sannan harshe. Duka bai kamata ya gaza minti 2 ba. Kullum a yanke bakin da aka yi amfani da shi a buɗe sabo, a ɗauraye a ajiye inda iska take, ba a aljihu tare da goro da canjin kuɗi ba. Kowane yaro da nasa, babu aro. Kuma duk cikin lokutan wanda bana so a bari shine na kwanciya barci, don da dare yawu yana raguwa, ƙwayoyin nan su kwana suna aiki babu mai wanke su.

Kar a karyo daga bishiyar da take gonar da aka yi feshi, kuma a ja kunnen yara akan duk itace mai farin ƙaro irin tumfafiya da tinya, waɗannan basa shiga baki.

Yanzu inda yaron ya hango. Makilin yana da sinadarin fuloraid wanda yake ƙarfafa ɓawon haƙori ya hana shi huji, in ka duba jikin kwalin zaka ga an rubuta lamba tsakanin 1000 zuwa 1500, yawanci 1450. Asuwaki yana da shi amma kaɗan ne ƙwarai. Ku da kuka tashi da tuwo da fura baku buƙace shi sosai ba, amma yaran yanzu alewa da biskit da lemon kwalba suna bin su har ƙauye. Don haka shawarata kar ka daina siya gaba ɗaya, ka sayi ɗaya ka ajiye a ɗakinka, da dare kai ko iyayensu mata ku ɗiga wa kowa, ɗan ƙasa da shekara 3 kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, ko a bakin asuwakin ma ana iya sawa. Su tofar kar su haɗiye. A haka zai daɗe maka, da rana kuma kowa ya kama darbejiyarsa. Ka lura da ɗan shekara 6, a lokacin turmin farko na girma yake fitowa can baya ba tare da wani ya faɗi ba, iyaye suna ɗauka na famfara ne zai sake, alhali in ya lalace shikenan babu wani.

TAMBAYA: Likita ina wuni. Daga ƙasar Sumaila nake, ina da ciki wata biyar, duk sanda nayi asuwaki sai jini ya fito. Surukata tace in bari sai na haihu kar jinina ya ƙare. Ya zanyi?

AMSA: Lafiya lau 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Inna kulawa ce tasa ta faɗi haka, amma kar ki bari. Ciki yana sa dasashi ya kumbura yayi saurin jini, kuma dattin da yake gindin haƙori ne yake ƙara hura abin, in kika daina gogewa dattin ya ƙaru jinin ma ya ƙaru. Ki tauna asuwakin yayi laushi sosai, ki bi a hankali safe da dare, ki dinga kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, yawanci cikin sati ɗaya zuwa biyu za kiga sauƙi. In kinyi amai kar ki goge nan take, ki kurkure da ruwa ki ɗan jira. Ranar awo ki gaya wa malamar asibiti ta duba ki, in datti ya riga ya zama dutse asuwaki baya cire shi sai an kankare a asibitin haƙori, kuma ana yiwa mai ciki ba matsala.

Tunda maganar jinin dasashi ta taso bari in roƙi iyaye mata wani abu. Na babba daban, na ƙaramin yaro daban. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, musamman mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, in kika ga dasashinsa yana jini, bakin yana wari sosai, yana dalalar da yawu, kumatu ya fara kumbura, dan girman Allah kar a kwana ana jiƙe-jiƙe, a tafi asibiti a ranar. Akwai cutar da likitoci suke kira noma, tana cin naman fuska cikin 'yan kwanaki, a Sakkwato har asibiti guda aka ware mata, kuma a watan Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. In an kama ta da wuri magani yana tsayar da ita.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki, daga Dambatta. Turmina ne yayi kogo yana hana ni barci, wani yace in dage da asuwakin marke zai cike, wani yace in ɗiga ruwan batir, akwai kuma mai cire tsutsar haƙori da yake zuwa kasuwa. Wanne zan bi?

AMSA: Ƙanina sannu, Allah ya sauwaƙe, ciwon haƙori ba ƙaramin abu bane. Amma ko ɗaya kar ka bi. Marke asuwaki ne mai kyau, yana tsare haƙorin da bai lalace ba, amma kogo baya cikewa da kansa, ba da marke ba ba da makilin ba. Ruwan batir kuwa ina roƙonka ka nisance shi, zai ƙona maka dasashi da harshe, kuma ko zafin ya lafa ruɓar tana nan a ƙasa tana tara mugunya. Tsutsa babu ita a haƙori, abinda yake ciki jijiya ce, ita ce take maka zugin nan da dare saboda ruɓar ta kai gare ta. Kafin ka samu zuwa asibiti ka sha farasitamol yadda aka ƙayyade, haɗiya ake ba'a cusa ƙwaya a kogon, kanumfari ma yana ɗan kwantar da zafi na wani lokaci. Ka daure ka shigo Kano, Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano duk suna da sashen haƙori, in da sauran rai a haƙorin ciko za'a yi maka ba dole sai cirewa ba. In kuwa kaga fuska ta kumbura har ƙasan haɓa, ga zazzaɓi, baki baya buɗuwa ko haɗiya tana wahala, wannan ko tsakar dare ne a nemi mota.

TAMBAYA: Malam daga Ringim, asuwaki yana karya azumi? Ina azumin Litinin da Alhamis.

AMSA: Allah ya karɓa Hajiya. Wannan fagen malamai ne, amma abinda muka karanta a Risala shine babu laifi mai azumi yayi asuwaki duk tsawon yini. Malamanmu na Malikiyya ɗanye ne basa so saboda tsoron ruwansa ya wuce maƙogwaro, toh ranar azumi ki ajiye ɗanyar darbejiya ki ɗauki busasshe, ki dinga tofar da ɓurɓushin. Makilin kuma ki bar shi sai bayan sahur kafin alfijir da kuma lokacin kwanciya.