Kun Tambaya, Mun Amsa: Ina Ribar Baƙin Masu Jari Take Shiga a Lissafin Ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na karanta rahoton wani babban banki da ya nuna cewa ƙasar ta sayar wa duniya kaya fiye da abin da ta sayo, amma sai na ga wani layi mai suna kuɗin shiga yana nuna giɓin da ya cinye yawancin rarar. Wane irin kuɗin shiga ne kuma yake fita? Sannan kuɗin da 'yan ƙasa mazauna waje suke aikowa gida, ba a wannan layin ake lissafa su ba? Daga wani ɗalibin tattalin arziki.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Layin da ka gani yana cikin asusun harkokin yau da kullum, wanda shi ne babban sashe na ma'aunin hada-hadar kuɗi tsakanin ƙasa da ƙasashen waje. Bisa tsarin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda yawancin manyan bankuna suke bi, asusun ya ƙunshi cinikin kaya da hidimomi, da kuɗin shiga na farko, da kuɗin shiga na biyu. Wanda ya ɗaure maka kai shi ne na farko, wato ladan da ake biyan jari da aiki idan mai jarin ko mai aikin mazaunin wata ƙasa ne. A ciki akwai kuɗin ruwa a kan bashi, da ribar hannun jari, da ribar kamfanonin da baƙi suka mallaka, da albashin wanda yake aiki a ƙasar da ba a cikinta yake zaune ba. Ana tara abin da mazauna ƙasa suka samo daga waje, a ɗebe abin da aka biya mazauna waje, abin da ya rage shi ne adadin da ake bugawa, ko rara ko giɓi.

Saboda haka ƙasar da take fitar da ɗanyen mai ko ma'adinai za ta iya samun rarar ciniki mai tsoka, amma idan kamfanonin waje ne suke haƙowa, kuma gwamnati tana biyan kuɗin ruwa a kan bashin da ta ciwo, wani kaso na abin da aka sayar mallakar wasu ne tun kafin jirgi ya bar tasha. Wannan ne ya sa masana suke bambanta jimillar abin da aka samar a cikin iyakokin ƙasa, wadda ake taƙaitawa da GDP, da jimillar abin da mazauna ƙasa suka samu. Wannan layin ne kawai tsakaninsu. Ayilan ta zama misalin da kowa ke kawowa: a 2016 hukumar ƙididdigarta ta sanar cewa GDP ɗin ƙasar ya ƙaru da kashi 26.3 cikin ɗari a 2015, alhali babban dalilin shi ne manyan kamfanonin duniya sun mayar da rajistar kadarorinsu can. Lamarin ya kai hukumar ta ɓullo da wani ma'auni na daban a 2017 don auna abin da yake zama a hannun mutanen ƙasar.

Japan kuwa akasin haka take. A 2011 ta samu giɓin cinikin kaya na shekara guda, karo na farko tun 1980, amma asusunta na harkokin yau da kullum bai faɗa giɓi ba, domin masana'antun da kamfanoninta suka kafa a waje da takardun lamunin da ta saya suna kawo mata riba. A 2024 rarar wannan layin ta kai kusan yen tiriliyan 40.

Game da kuɗin da ake aikowa gida, a nan mutane da yawa suke rikicewa. Ma'aunin da ake amfani da shi wurin zama ne, fasfo ba ya shiga lissafi. Wanda ya zauna shekara guda ko fiye a wata ƙasa ana ɗaukarsa mazaunin can, don haka abin da ya aiko wa iyalinsa kyauta ce daga wani gida zuwa wani, kuma tana shiga kuɗin shiga na biyu tare da tallafin ƙasashen waje. Dala biliyan 100 da wani abu da Indiya take samu a shekara tun 2022, mafi yawansu nan suke faɗawa. Amma ma'aikacin da yake kwana a Faransa, ko Jamus, ko Beljiyam, yana ketarawa Luksamburg aiki kowace safiya, albashinsa yana layin farko, kuma irin waɗannan ma'aikata sun kusa rabin masu aiki a wannan ƙaramar ƙasa. Haka ma ɗan ci-rani da ya yi watanni kaɗan ya dawo.

A ganina, kuskure ne a ɗauki giɓin wannan layin a matsayin shaidar cewa ana wawure ƙasa, kamar yadda wasu suke yi duk lokacin da alƙaluman suka fito. Wanda ya zuba jari dole ya nemi riba, kuma ƙasar da ta gina masana'antu da kuɗin baƙi za ta daɗe tana biya. Abin dubawa shi ne abin da jarin ya haifar. Idan bashin ya gina tashar wutar lantarki ko layin dogo da ya ƙara kayan da ake fitarwa, kuɗin ruwan yana da inda zai fito. Idan kuwa an ci bashin ne don cike giɓin kasafin kuɗi, kowace shekara biyan yana ƙara matsa wa kuɗin ƙasar lamba a kasuwar canji. Akwai kuma bambanci tsakanin nau'o'in biyu da ya kamata ɗalibi ya riƙe: ribar kamfani tana raguwa idan kasuwa ta faɗi, amma kuɗin ruwa a kan bashin dala ba ruwansa da halin da ƙasa take ciki, sai ma ya ƙara nauyi idan darajar kuɗin gida ta zube.

Idan ka koma kan rahoton, ka nemi layin ribar da aka sake zubawa. Ƙa'idar lissafin ita ce, idan baƙo ya mallaki kashi 10 cikin ɗari ko fiye na ƙuri'un kamfani, ana rubuta rabonsa na ribar da kamfanin ya riƙe kamar an biya shi, sannan a sake rubuta shi a asusun da ke nuna shige da ficen jari kamar sabon jarin da ya shigo. Wannan kason yana ƙara girman giɓin a takarda, alhali ko dala ɗaya ba ta ketare iyaka ba, don haka sai ka ɗebe shi kafin ka san ainihin kuɗin wajen da ƙasar ta fitar a wannan shekara.